Sabon Samfur a Rufin Jafaru Ƙanƙara

A Ƙauran Namoda in ka ce kana neman Jafaru, za a tambaye ka wane Jafarun. Amma in ka ce Jafaru Ƙanƙara, ko ɗan acaɓan da ya shigo gari jiya zai sauke ka ƙofar shagonsa, nan bakin titin da ya nufi tasha. Gajere ne kakkaura, da murya irin ta mai shela, kuma Allah ya hore masa wani hanci da ba kowa ke da irinsa ba. Duk abin da ke tafe, tun yana Gusau Jafaru ya jiyo ƙanshinsa, ya sa hula ya fita tarba kafin sauran mutane su ji labari.

Haifaffen Ɗan Isa ne, ɗan manomin gero. Tun yana saurayi ya duba ya ga fartanya ba ta da niyyar sakin wanda ta kama, ya sulale ya shigo Ƙaura ya kama tallar rake a tashar jirgin ƙasa. Da jirgi ya fara wuyar gani, ya kafa rumfar kwano bayan kasuwa ya buɗe gidan kallo: talabijin guda, bidiyo guda, bencina, da wani jan janareta da ya saya hannun wani direba mai zirga-zirgar Maraɗi. Ranar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, makaɗa ba su gama ɗaure ganga ba ya sa mai fenti ya rubuta masa "Gidan Kallon Sabuwar Jiha" a jikin kwano, har da taswira, wadda 'yan boko suka ce ta fi kama da fasasshiyar ƙwarya.

Sai Shari'a ta zo, aka ce gidajen kallo su rufe. Abokan sana'arsa suka tsaya gunaguni, wai a bari a gani. Jafaru kuwa, kafin 'yan kwamiti su iso layinsa ya sayar da talabijin, ya yi sallama da wanzami, ya kwashi wandunansa ya kai wa tela aka rage musu tsawo. Sannan ya fito da carbi ya shige gaban 'yan kwamitin yana nuna musu lungunan da sauran suka ɓoye kayansu. Da hawaye ya yi wannan aiki, kuma har gobe mutanen Ƙaura ba su daidaita ba ko na tuba ne ko na tuna ciniki.

Janareta dai bai sayar ba, tunda babu malamin da ya ce janareta haramun ne. Ya nemi firiza ta hannu ya saya, ya kama shago bakin titi, matarsa Tasalla ta shiga ƙulla ruwa da zoɓo a leda. Wutar gari sai ta ga dama take leƙowa, in ta leƙo ma ba ta zama shan ruwa, don haka jan janaretan nan shi ne gonarsu, shi ne rumbunsu. Sauran watanni lallaɓawa kawai ake yi. Abin da ke riƙe gidan Jafaru wata guda ne, watan azumi, lokacin da layin masu sayen ƙanƙara ke tashi daga bakin firiza ya kai titi tun la'asar. Da cinikin wannan wata ake sayen hatsin shekara, a yi wa yara ɗinkin Sallah, a gyara abin da damina ta rushe. In azumi ya wuce firiza ba ta yi sanyi ba, to gidan nan sai dai Allah ya kyauta.

Shekaru suka tafi a haka, gemu ya soma furfura, har wata shekara da azumi ya faɗo cikin damina. Ana cikin Sha'aban wata ƙungiya ta iso daga Abuja da kuɗin wasu Turawa, wai shirin wutar sola domin gidaje da ƙananan sana'o'i. Sun yi karatun inda suka zo. Abin da suka fara shelantawa shi ne babu ko sisin kuɗin ruwa a ciki: kaso mai tsoka tallafi ne kyauta, ragowar mutum ya riƙa biya sannu-sannu, halal tsantsa. Jami'insu wani matashi ne mai suna Lukman, mai kwat cikin zafi da wayoyi biyu, wanda Hausarsa ke tuntuɓe da Turanci kowace gaɓa. Yana neman shago guda bakin babban titi, mai rufin kwano mai kyau, inda za a ɗora kaya manyan baƙi su zo su gani da idonsu.

Sai ka tambaya wa ya fara ji? Kafin sauran 'yan kasuwa su gane mene ne ma sola, Jafaru ya riga ya isa masaukin Lukman da kula cike da zoɓo mai sanyi, ya gabatar da kansa a matsayin wanda tun yana yaro yake mamakin yadda ake barin rana tana zuba a banza. Lukman ya sha zoɓo, ya zo ya duba rufi, ya ce ya yi.

Aka kawo farantai masu sheƙi aka kafe su kan ƙarafa a rufin shago, aka jera batura a lungu, aka manna wani akwati mai ƙyafta koren ido a bango. Aka jona firiza. Ta kama aiki shiru, ba hayaƙi, ba ƙara, ba a sayi ko kwalbar fetur ba. Jafaru ya sa hannu ciki ya ji sanyi na taruwa, sai ƙwalla ta cika masa ido, wannan karon ta gaskiya. Nan ne Lukman ya dafa kafaɗarsa, ma'aikata na tsaye suna naɗe waya, ya ce masa:

"Malam Jafaru, wannan samfur ne fa. Ka gane ko?"

"Haba, na gane mana," in ji Jafaru. "Ai ko makaho ya shafa ya san sabon samfur na."

To a nan aka rabu, kowa ya kama hanyarsa yana zaton tare suke. A kasuwar Ƙaura, samfur shi ne sabon yayi: babur sabon samfur, atamfa sabon samfur, abin da ya fito bana wanda na bara bai kama ƙafarsa ba. A bakin Lukman kuwa samfur shi ne abin nuni, irin ɗan yankan da mai kilishi ke miƙo maka ka ɗanɗana, ba don ka tafi da faifan gida ba. Kuma kada wani ya wanke Lukman. Ya ji amsar, ya gane sarai mutumin nan bai gane ba, ya buɗe baki zai gyara, sai ya tuna baƙi na son ganin fuska mai fara'a. Ya mayar da bakinsa ya rufe, ya amsa waya.

Abu biyu Lukman ya roƙa. Na farko, a biya kafin alƙalami, don sunan Jafaru ya shiga sahun farko na masu cin gajiyar shiri. Na biyu, ranar taro a kawar da jan janaretan nan daga idon baƙi, don ba su son ganin irinsa. Jafaru ya ga ai abu biyun nan abu guda ne: a sayar da janareta, a biya da kuɗinsa. Tsallaken titi akwai Muhtari mai shayi, wanda ya daɗe yana haɗiyar yawu kan sana'ar ƙanƙara. Jafaru ya tsallaka ya yi masa tayin janareta, Muhtari bai ko taya sau biyu ba.

Tasalla ce kawai ta tsaya a hanya. Ta ce a tura shi zaure a rufe da buhu har a ga bayan azumi, in sabon abin ya riƙe amana sai a sayar a tsanake. Ta ce inji ne da ya ciyar da su tun ba su da tabarma ta biyu, ba a yi masa korar kare rana guda. Jafaru ya yi mata dariya irin ta wanda ya ga duniya, ya ce shi ya sa ba a kai mata gaba a sha'anin ci gaba, kullum ido na baya. Ta ce to, ta koma ƙulla ledarta, aka turo baro aka ɗauke janareta tana kallo.

Ranar taro aka kafa rumfuna har rabin titi. Ga kujerun roba, ga lasifika, ga masu ɗaukar hoto, ga Turawa biyu da rana ta mayar jajur, ga Liman a sahun gaba. Aka yi jawabai masu tsawo, sannan aka miƙa wa mai cin gajiya abin magana don ya ce na gode ya zauna. Ba su san wanda suka miƙa wa ba. Jafaru ya gyara babbar riga ya fara da hamdala, ya bi ta kan ni'imar rana, sannan ya sauka kan janareta da duka. Ya ce almubazzaranci ne, ya ce hayaƙinsa cuta ne, ya ce ƙararsa ke hana bayin Allah jin kiran salla, yana faɗa yana karkata kai wajen teburin Muhtari. Tafi ya tashi. Shi kuwa tafi a wurin Jafaru kamar fetur ne, sai ya ɗaga hannun dama sama yadda kowa zai gani.

"Wallahi tallahi," ya ce, "hannun nan nawa ba shi ƙara jan igiyar janareta har in koma ga Allah."

Aka yi kabbara. Aka fassara wa Turawa, suka rubuta. Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

'Yan kwanakin da suka biyo baya, Jafaru bai taka ƙasa ba. Mutane na zuwa kallo daga Kurya Madaro, har daga Badarawa, yana tsaye da sanda yana nuna rufi, yana bayanin yadda farantan ke shan rana awa ƙadangare su adana ta cikin batir. Duk wanda ya tambayi sunan abin, amsa guda ce, sabon samfur. Har ya fara tsara yadda zai ƙara firiza ta biyu, ya kuma sanar da Tasalla cewa bana da shadda za a yi Sallah.

Wata safiya yana shara sai ga motar ƙungiya ta tsaya. Ma'aikatan nan suka sauko da tsani, suka gaishe shi da fara'a, suka hau rufi da sifana. Ya ɗauka gyara za su yi, har ya aika a kawo musu ƙosai. Sai da ya ga faranti na farko ya sauko an jingina shi cikin mota kan katifa, sannan ya gane ba gyara ba ne. Ya nufi Lukman, wanda ke zaune gaban mota bai ko fito ba, ya tambaye shi ina za a kai masa kayansa.

"Zurmi," in ji Lukman. "Can ma akwai taro, daga nan sai Shinkafi. Ai na faɗa maka samfur ne, Malam Jafaru, gaban yaran nan, ka ce ka gane."

Ya ƙara da cewa kada ya damu, na ainihin suna nan tafe da zarar Turawa sun saki kaso na biyu, kafin alƙalaminsa na nan a ajiye, sunansa ne a sama. Jafaru ya tambayi yaushe. Lukman ya ce bayan Sallah in sha Allahu, bai dai fayyace wace Sallar ba. Suka kwashe batura, suka ɓalle akwatin mai koren ido, suka cinye ƙosai, suka tafi. Abin da suka bari ƙarafa ne tsirara a kan rufi da hujojin ƙusa, waɗanda ruwan yammacin ranar ya gano su ɗaya bayan ɗaya.

Jafaru ya ji abin da bai taɓa ji ba, tsoro da kunya a haɗe. Ya yi tunanin kai ƙara gaban alƙali, sai ya tuna shaidu za su ce an ce samfur, shi kuma ya ce ya gane, kuma gaskiya suka faɗa. Ya haɗiye girman kai ya tsallaka wurin Muhtari, wanda tuni ya sayo firiza ya ajiye gefen tukunyar shayi, jan janareta na ruri a bayansa. Muhtari ya tarbe shi da mutunci, ya zuba masa shayi mai kauri, ya saurare shi har ƙarshe. Sannan ya ce shi kam da zuciya ɗaya zai mayar, amma yana tsoron Allah, ba zai taimaki ɗan'uwa Musulmi ya karya rantsuwar da ya yi gaban Liman ba. Masu shan shayi suka ce wallahi Muhtari ya yi gaskiya. Kafin Jafaru ya tsallako titi an riga an canza masa suna, yara na kiran Jafaru Samfur.

Ya lallaɓa wurin Liman bayan azahar, lokacin da masallaci ya watse, ya tambaya wai wani abokinsa ne ya yi rantsuwa. Liman ya ce abokin ya ciyar da miskinai goma, shi ke nan, Allah Mai gafara ne, kuma a gaishe da abokin. Ciyarwar ba ita ta dami Jafaru ba. Abin da ya dame shi, ranar da zai sunkuya ya kama igiya gari guda zai fito kallo. Wannan ma in akwai igiyar da za a ja ke nan, ga shi ana ta maganar duban wata, firiza na buɗe tana warin leda.

Tasalla ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa da ya fi masa sauƙi, ya samu abin yi wa faɗa. Ta ja awakinta da take kiwo tun haihuwar autarta ta kai kasuwa, ta dawo ta ƙulle kuɗin a gefen ƙyalle ta ajiye masa kan tabarma. Ta ce ya haɗa da ɗan abin da ya rage hannunsa ya tafi Gusau ya nemo ko tsoho ne, ko mai tari ne, in dai zai ja firiza. Su biyun sun san kuɗin ba za su sayi mai jan firiza ba, sai dai mai kunna ƙwan lantarki da rediyo.

Da safe ya isa tasha da niyyar Gusau. Sai ya ji ɗan kamasho na kiran Zurmi, yana ƙarawa da cewa yau ake taron sola, Turawa sun riga sun wuce. Jinin Jafaru ya hau. Ya ce yau sai ya tona asirin Lukman gaban iyayen gidansa, ko da za a kwana da shi a ofishin 'yan sanda. Ya faɗa motar Zurmi, duk hanya yana tsara kalaman da zai yi, yana gyara su, har na kusa da shi ya tambaye shi ko lafiya.

Ya tarar da komai kamar an kwafo daga Ƙaura: rumfunan nan, lasifikar nan, Turawan nan sun ƙara ja, farantansa na sheƙi kan rufin wani shagon tela. Lukman ya hango shi tun daga nesa, fuskarsa ta canza, amma yaron ba daga nan ba wajen dabara. Ya taho da sauri ya kama hannunsa biyu, ya ja shi sahun gaba, ya sa aka sanar a lasifika cewa ga babban baƙo, mutum na farko da ya ci gajiyar shiri a Ƙauran Namoda, ya taso takanas don taya ɗan'uwansa murna. Wuri ya ɗauki tafi. Jafaru ya miƙe don ya yi tonon silili, ya ga ɗaruruwan fuskoki na yi masa murmushi, sai ya tsinci hannunsa a sama yana amsa gaisuwa. Ya koma ya zauna yana cewa a ransa bari a gama, zai kama shi a keɓe. Ana shafa fatiha Lukman ya shige motar baƙi ya raka su masauki.

Wanda ya kama Jafaru a keɓe shi ne mai shagon, Zubairu tela, wani siririn mutum mai sanyin murya da zare maƙale a gemu. Ya roƙe shi ya shigo daga ciki, don yana son shawarar wanda ya riga shi. Shagon cike yake da ɗinkin Sallah, yadi kan yadi har kusa da rufi, kowanne da sunan mai shi a ɗan ƙyalle. Ga kekunan ɗinki masu amfani da wuta guda biyu. Zubairu ya ce duk wannan amanar mutane ce, kuma bai taɓa kai ɗinkin wani bayan Idi ba. Sannan ya ɗaga wani buhu a lungu. Janareta ne shuɗi, kusan sabo, wanda zai ja firiza biyu yana hamma. Jafaru ya duba gefensa don ganin igiya, sai ya ga makulli rataye. Irin wanda ake murɗawa ne kamar mota.

Zubairu ya ce Lukman na jiran kafin alƙalami kafin magariba, shi kuwa ba shi da abin sayarwa sai wannan, kuma a Zurmi babu mai saye da gaggawa sai a wulaƙance. Ya ce ko a wulaƙancen zai bayar, abin da ya hana shi kawai zuciyarsa ce ta ƙi kwanciya.

"Malam Jafaru, kai ka riga mu shiga," ya ce. "Don girman Allah hwaɗa mini gaskiya. Abin ga shina da amana?"

Jafaru ya san amsar, ita ya ɗauko tun daga Ƙaura, tana kan harshensa. Ya dubi tarin yadin mutane, ya ji tausayin bawan Allahn nan har cikin ƙashinsa. Sannan ya sake duban makullin. Ya tuna awakin Tasalla, ya tuna Muhtari da shayinsa mai kauri, ya tuna wata na gab da tsayawa. Ya shafa gemu, ya zaɓi kalmominsa ɗaya-ɗaya yadda ake tsintar tsakuwa a shinkafa.

"Ni dai tun da anka ɗora mini shi," ya ce, "ko sau guda bai lalace hannuna ba. Sabon samfur na."

Zubairu ya sauke ajiyar zuciya ya yi hamdala. Jafaru ya ce shi ba ya da bukatar janareta, kowa ya sani, amma saboda zumunci zai karɓa ya rage masa nauyi, ya kwance ƙyallen Tasalla. Telan nan da kansa ya nemo baro, da kansa ya tura har tasha, ya taya ɗaurawa a bayan mota, ya cusa wa Jafaru sabuwar hula a aljihu wai tukuici, yana ta sa masa albarka har mota ta tashi. Duk hanyar Ƙaura Jafaru na bitar maganarsa yana neman ƙarya a ciki, bai samu ko ɗaya ba, kuma rashin samun bai sa ya ji daɗi ba.

Amma da ya iso gida ya ga idon mutane, sai tsohon hali ya motsa. Ya sa aka ajiye injin a bakin shago, ya jira masu shan shayin Muhtari suka taru, ya ɗaga hannun dama ya juya shi gaba da baya, ya sa yatsa biyu ya murɗa makulli. Inji ya tashi da murya mai daɗi. Aka garzaya aka tambayi Liman, ya ce in dai igiya aka ambata, to ba a ja igiya ba, Allah dai ya san zukata. Tasalla ta zagaya injin ta duba, ta tambayi yadda kuɗin awaki suka sayi wannan. Jafaru ya ce Allah ne ya haɗa shi da mutumin kirki. Ta dube shi ta daɗe, irin duban wadda ta san mijinta tun yana tallar rake, ta koma ciki ba ta sake tambaya ba.

Aka ga wata, aka ɗauki azumi. Firiza ta yi sanyi, layi ya dawo, har ya fi na Muhtari tsawo don sabon injin ba ya tari. Sunan Samfur ya fara gogewa. Hular nan dai Jafaru bai taɓa sa ta ba, tana ƙarƙashin katifa.

Azumi ya kusa rabi, wata rana bayan azahar, kafin masu saye su fara taruwa, Jafaru na kan benci yana gyangyaɗi sai ya ji sallama mai sanyi. Zubairu tela ne, ya ƙara ramewa, leɓensa ya bushe. Bai zauna ba. Ya ɗaga kai ya dubi ƙarafan da ke tsirara a kan rufi, har sun fara tsatsa. Ya karkata kunne wajen bayan shago, inda injinsa ke aiki. Jafaru ya miƙe, ya fara jero gaisuwa, ya gida, ya ibada, ya hanya, yana satar kallon titi ko da 'yan sanda ko ɗan aiken alƙali aka zo.

Zubairu ya ce shi kaɗai ne. Ya ce 'yan ƙungiya sun kwashe farantansa tun farkon azumi, ɗinkin mutane na nan jibge, masu kaya sun fara zarya, wasu da zagi. Ya sayar da keke guda, kuɗin na aljihunsa. Ya ji an ɗora farantan a Shinkafi kan shagon wani mai aski, kuma an ce mai askin na da janareta mai kyau. Jafaru ya buɗe baki zai fara rantse-rantse, telan ya ɗaga masa hannu.

"Ba rigima ta kawo ni ba. Maganar da ka yi mini ran nan nika so ka maimaita, yadda ka jera ta. Na juya ta na juya, ban iske ƙarya ciki ba. Ni in na hwaɗa da bakina ɓata ta zan yi."

Da ya zage shi, da ya shaƙe shi, da Jafaru ya san abin yi, don ya saba da waɗannan. Wannan kuwa bai san inda zai sa kansa ba. Kunya ta rufe shi tun daga hula har takalmi. Ya duba hagu da dama, ya rage murya, ya faɗa masa. Zubairu ya maimaita, ya yi tuntuɓe a tsakiya, ya ce "bai taɓa ba ni matsala ba". Jafaru ya ce a'a, wannan ƙarya ce, ai ya ba ka, cewa za ka yi bai lalace hannunka ba. Telan ya sake, ya kuma sakewa, har ta zauna masa daram.

"To madalla," ya ce. Ya goge ido da bakin hannun riga. "Shekara da shekaru ina ɗinki, Malam Jafaru, ko ƙyallen mutum ban taɓa riƙewa ba."

Jafaru ya buɗe firiza da sauri ya ɗauko ƙanƙara mafi girma, ya naɗe a buhu ya miƙa masa, ya ce ya sha ruwa da ita. Zubairu ya dube ta ya girgiza kai, ya ce kafin Shinkafi ta narke. Ya tambayi inda motocin Shinkafi ke lodi, Jafaru ya nuna masa da hannu, ya tafi yana motsa baki shi kaɗai.